Kaltume Mai Karɓa da Hannu Biyu

Akwai wani aibi da ya zama ruwan dare a cikin mutane, amma ya fi yi wa masu karatu katutu. Shi ne mutum ya ga ɗan'uwansa ya yi wani abu sau ɗaya ko sau biyu, sai ya laƙaba wa halinsa suna, daga nan ya daina duban mutumin ya koma duban sunan. Wanda bai yi karatu ba idan ya yi wannan kuskure, gobe yana iya mantawa. Mai ilimi kuwa rubutawa yake yi, ya ja layi a ƙarƙashi, ya kawo hujja uku. Ba a littafi na tsinci wannan ba. Ni na aikata shi a kan wata yarinya mai suna Kaltume, kuma saura ƙiris in rufe mata ƙofa ɗaya tilo da take da ita.

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da Hausa a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke gefen Kazaure, kuma a goma sha ɗaya daga cikinsu ni ne malamin ladabtarwa. Ɗalibai suna kirana Malam Ƙa'ida a bayan idona. Na sani, kuma in faɗi gaskiya, sunan yana yi mini daɗi.

A wata shekara, saura mako bakwai a yi gasar wasanni ta makarantun shiyyarmu, malamar wasanni ta tafi hutun haihuwa. Shugabar makaranta ta aika aka kira ni.

"Malam, kai ne ba ka da aji da yamma. Za ka riƙe mana 'yan gudu."

Na ce, "Hajiya, rabona da gudu tun ranar da bijimi ya biyo ni a kasuwar Roni, ina ɗan shekara tara."

Ta ce, "To ai ka san amfaninsa ke nan."

Da yake ni mutum ne da ba ya shiga abu da ka, sai na nufi ɗakin karatu. Na samo littattafai biyu na Turanci, ɗaya a kan dabarun tsere, ɗaya a kan halayen 'yan wasa. Kwana shida ina karantawa, yaran suna fili suna jirana. A na bakwai na fito da sabon littafin rubutu mai bango baƙi, na tsaga kowane shafi gida biyu: a dama sunan yarinya da saurinta, a hagu halinta. Ra'ayina a lokacin shi ne, gudu ba a ƙafa yake ba, a hali yake, kuma duk wanda ya san halin ɗan wasa ya san sakamakon gasa tun kafin a hura usur. Rabin wannan magana gaskiya ce. Matsalar ita ce ban san wanne rabin ba.

Kaltume 'yar wata ruga ce da ke bayan duwatsun Roni. Mahaifiyarta ta rasu tana goye, sai kakarta, wadda kowa ke kira Inna, ta raine ta. Babu wanda ya koya mata gudu. Aikinta tun tana ƙarama shi ne tsaron dangwali, wato doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa da ita don kada su shanye nono kafin a yi tatsa. Duk safiyar da ɗan maraƙi ya zame wuya ya nufi uwarsa, ita ce za ta cim masa, a kan tsakuwa, ba takalmi. Idan ta makara, ranar babu nonon kai wa kasuwa. Shekara bakwai tana wannan kafin a sa ta a boko. Doguwa ce, siririya, ba ta ɗaga ido idan babba yana magana, kuma a shekara shida da ta yi a makarantarmu ban taɓa jin ta haɗa jimla biyu a jere ba.

A aji ba ta da ƙarfi, musamman a Turanci, kuma kowa ya san jarrabawar fita ba za ta kai ta ko'ina ba. Amma akwai wata kwalejin horon malamai da ke keɓe 'yan gurabe a sashen wasanni ga 'yan matan da suka wakilci shiyyarsu a Dutse. A shekarar, 'yan mata huɗu kacal shiyyarmu za ta tura, kuma an yanke cewa su ne huɗun da suka ci gudun miƙa sanda. Kaltume tana ajin ƙarshe. In ta je Dutse, ta sami karatu. In ba ta je ba, ta koma dangwali. Ita ta san haka, ni ma na sani.

Gudun miƙa sanda kuwa, ga wanda bai taɓa gani ba, mutum huɗu ne ke raba zagaye ɗaya. Ta farko ta taso da guntun sanda, ta miƙa wa ta biyu, haka har ta huɗu ta kai shi ƙarshe. Sirrinsa duk yana wajen miƙawar. Mai karɓa ba ta tsayawa, ba ta waiwaye. Tana jin 'yar'uwarta ta matso sai ta fara gudu, ta miƙa hannu ɗaya baya, a sa mata sanda a tafi, ta wuce. Littafina ya ce wadda ta fi kowa sauri ita ake sa wa ƙarshe, kuma ta ƙarshe da hagu take karɓa. Don haka na jera su: Fatu, sai Khadijat, sai Jannatu, sai Kaltume.

Ita Jannatu 'yar wan mahaifin Kaltume ce, amma a cikin garin Babura ta tashi, inda mahaifinta ke dillancin shanu. Ajinsu ɗaya, sai dai ta girme ta da shekara biyu, don ta maimaita aji kuma ba ta ɗauki hakan abin kunya ba. Kaltume ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce Adda, kamar yadda Fulani ke kiran yaya mace. Jannatu ta fi kowa zuwa ofishina karɓar horo. A shafinta na rubuta: "Surutu da ji da kai. Ba a ɗora mata nauyi."

Ranar farko da muka gwada, ga abin da na gani. Jannatu ta taho a guje. Kaltume ta ɗaga ƙafa kamar za ta tafi, sai ta tsaya cak, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ta, ta ɗan rusuna, ta karɓi sanda da hannu biyu, sannan ta juya ta zura. Gudun da ta yi bayan nan ya sa na duba agogona sau biyu, don na zaci ya lalace. Amma juyawar nan tana cin daƙiƙa biyu, kuma a wannan tsere daƙiƙa biyu tafiyar yini ce.

Muka maimaita sau takwas. Sau takwas ta juyo.

Na koma gida na yi nazari. Na ce, wanda ke waiwaye bai amince da na bayansa ba. Wanda ke kama abu da hannu biyu yana gudun kada ya faɗi. Wanda ke rusunawa a inda ake son miƙewa kuwa zuciyarsa ce ta karye. Duka ukun kuma uwarsu ɗaya. Na buɗe shafinta na rubuta, "Mai tsoro," na ja layi biyu. Na ji daɗin wannan bincike ƙwarai, har na karanta wa uwargidana, ta ce in matsa in ba ta wuri tana tankaɗe.

Washegari na kira Kaltume.

"Tsoro kike ji kada sandar ta faɗi, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Malam."

"Kin ga ke nan rashin ƙarfin zuciya ne."

"To, Malam."

Na ɗauki wannan a matsayin tabbaci. Bai zo mini a rai ba cewa da na ce mata aljanu ne ke juyo da ita, "To, Malam" za ta ce. Ban tambaye ta dalili ba. Na kawo dalilina ne na nemi ta sa hannu.

Mako biyar na yi ina maganin cutar da babu ita. Na yi mata lacca a kan jarumta. Na sa ta karanta sanarwa a taron safe don ta saba da idon jama'a, ta karanta kamar mai raɗa wa takardar asiri. Na sa ta tsallaka kwatar bayan kicin. Duk ta yi, ba musu. Da an zo miƙa sanda sai ta juyo, ta rusuna.

Ranar gasa aka taru a babban fili a Kazaure, an ja layuka da baƙin mai. Makarantu sun zo daga Babura da Gwiwa da Roni da Yankwashi. Da hantsi aka yi zagayen tankaɗe, za a ɗauki biyun farko a kowane rukuni su yi na ƙarshe bayan la'asar. Yaranmu suka taso lafiya, Jannatu ta iso tana gaba da taku huɗu. Na rufe ido na buɗe. Kaltume ta juyo, ta rusuna, ta sa hannu biyu.

Fili ya ɗauki dariya. Wata daga cikin 'yan kallo ta ɗaga murya ta ce, "Sannu 'yar ladabi! Ki tsaya ki tambaye ta mutan gida mana!"

Mutum uku suka wuce ta tana tsaye. Ta kamo biyu, ta zo ta biyu da ƙyar. Mun tsallake, amma 'yan Babura sun ba mu tazarar da ko makaho ya san ba za mu rufe ta da yamma ba.

Bayan azahar na zauna a gindin wata darbejiya da takardar da ake rubuta sunayen masu gudun ƙarshe. Na yi lissafina a natse. Muna da 'yar ko-ta-kwana wadda ba ta kai Kaltume sauri ba, amma ba ta juyowa. Haƙƙin mutum uku ya fi na mutum ɗaya. Mai tsoro kuma ba ya warkewa a yini guda. Na soke sunan Kaltume, ina jin zafin abin, amma ina kuma jin irin daɗin nan da mai ƙa'ida ke ji idan ya yi abu mai zafi saboda ƙa'ida.

Sai ga Jannatu ta tsaya a kaina, ta leƙa takardar.

"Malam, in yi magana?"

"Yaushe kika fara neman izini?"

"Yau, don maganar babba ce. Wallahi Malam in ka cire ta, ni ma ka cire ni."

"Ba a gina gasa a kan mai tsoro."

"Wa, Kaltume? Yarinyar da ke kama kunnen bijimi ta murɗe shi ya durƙusa? Malam, ni fa Addarta ce. Ta yaya za ta juya mini ƙeya, ta miƙo mini hagu kamar mai korar kaza? In Inna ta ji, ai sai ta ce a dawo mata da jikarta, boko ya lalata ta."

Na ce, "Wannan al'adar gida ce. Makaranta kuma wurin ilimi ne."

Ta dube ni irin duban da ba a yi wa malamin ladabtarwa.

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Wa ya tsayar da ita a taron safe muna ajin farko?"

Sai abin ya faɗo mini. Wata ƙaramar yarinya sabuwar zuwa, bokiti a hannun dama, na miƙa mata littafinta ta karɓa da hagu tana tafiya. Washegari na fito da ita gaban ɗalibai ɗari shida. Na yi jawabi na kusan rabin awa. Na sa ta karɓi littafin nan daga hannuna sau goma, da hannu biyu, tana rusunawa, sauran suna ƙirgawa. Na daɗe ina tuna jawabin, don yana cikin waɗanda na fi tsarawa. Fuskar yarinyar ce ban riƙe ba.

Jannatu ta gyara murya ta kwaikwaye ni, har da ɗaga yatsa. "Karɓa da hannu ɗaya raini ne. Karɓa da hagu rashin tarbiyya ne. Juya wa babba baya kuwa..."

"Ya isa."

"Saura hujja ta uku, Malam."

"Na ce ya isa. Kira mini ita."

Kaltume ta zo ta durƙusa nesa kaɗan. Na tattaro abin da ya rage mini na ilimi, na yi mata bayani cewa kowane hukunci yana da muhallinsa, larura tana sauya shi, kuma abin da yake raini a tsakar gida ba raini ba ne a filin tsere. Na ce ni da bakina na ba ta izini.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Na sani, Malam. Kaina ya yarda tun tuni. Amma da na ji numfashin Adda a bayana, sai in ga na riga na juyo."

Jimla uku ke nan, kuma sun fi duk abin da ke cikin littafina mai baƙin bango. Abin da Inna ta shuka, ni na yi masa ban ruwa, ya yi shekaru yana saiwa. Ba zai tumɓuke tsakanin azahar da la'asar don na kawo sabuwar hujja ba.

Jannatu ta ce, "Malam, a jera mu yadda ake jera mu a gida mana. Ƙarama ita ke kawo wa babba. Kaltume ce autarmu, ta fara, ba ta karɓa daga kowa. Ta ba Fatu, Fatu ta ba Khadijat, Khadijat ta ba ni. Ni kuwa tun ina 'yar shekara biyar nake miƙa hannu baya ƙannena suna sa mini abu ban ko duba ba."

Na ce, "Littafi ya ce mafi sauri ita ke ƙarshe."

"Littafin ya san Inna?"

Ina so in ce hikima ce ta sa na yarda. Ba ita ba ce. Mai karɓar takardu ne ya iso yana cewa mu kaɗai ake jira. Na sake soke abin da na soke, na rubuta sunayen daga ƙarama zuwa babba, na miƙa takardar da ta yi kama da aikin ɗalibin da nake kora waje.

Bayan la'asar aka jeru. Mai tayar da gudu ya haɗa katakansa biyu suka yi ƙara. Kaltume ta fita kamar duk maruƙan Roni sun zame a lokaci guda. Kafin a gama kwana ta ba wadda ke biye da ita taku goma. Da ta isa ga Fatu, ta sa mata sanda da dama, kuma na lura hannunta na hagu yana tallafe da gwiwar na daman, kamar mai miƙa wa baƙo ruwa. Ko a cikin wannan gudu ba ta bari ba, sai dai wannan ladabin bai ci ko daƙiƙa ba. Fatu ta zubar da taku huɗu. Khadijat ta zubar da uku. Jannatu ta miƙa hannu baya ko waiwaye babu, ta fizge sanda, 'yar Babura tana huci a kafaɗarta. Ashe unguwarsu ɗaya. Ana jin Jannatu tun daga bakin fili tana gudu tana cewa, "Biyo ni a hankali, 'yar gidan mai canjin sefa, kada ki faɗi!" Na lissafa daga baya cewa wannan magana ta ci mata aƙalla taku ɗaya. Da ƙirji ta riga ta.

An ce an ga wani dattijo da babbar riga yana bin gefen fili a guje yana ihu, hularsa ta faɗi bai sani ba. Wannan shi ne guduna na biyu a duniya, kuma a wannan karon babu bijimi.

Kada mai karatu ya zaci na tuba daga koyar da ladabi. Har gobe ina nan a kan cewa yaro ya karɓi abu daga babba da hannu biyu. Laifina daban ne. Na ga shukar da na yi wa ban ruwa ta fito, ban gane ta ba, na kira ta ciyawa, na ɗauko fartanya. Yarinyar da na rubuta wa tsoro ita ce ta yi mako biyar ana dariyarta ba ta fasa zuwa fili ba. Wadda na ce ba a ɗora mata nauyi ita ce ta ɗauki na ƙarshe, ta kuma ɗauki nawa. Hali yana shiga gudu, wannan rabin gaskiya ne. Amma kafin mutum ya ce hali kaza ba ya cin gasa, ya fara duba ko shi ne ya tsayar da mai halin a gurbin da ba nata ba.

A Dutse ba su ci ba, na huɗu suka zo. Amma zuwan shi ne sharaɗi, kuma Kaltume ta sami gurbinta a kwaleji. Ta sha wuya da Turanci, ta maimaita wata jarrabawa sau biyu, ta gama. Jannatu tana Babura, tana da shagon ɗinki da yara mata shida a ƙarƙashinta, an ce ana jin muryarta daga tasha.

Bara, bayan na yi ritaya, na hau babur ɗin haya ranar kasuwar Gwiwa na je makarantar da Kaltume ke koyar da wasanni. Tun daga ƙofa na ji wata murya tana cewa, "Ke! In kika sake waiwayowa sai kin zagaya filin nan sau uku!" Na tambayi mai gadi wace ce, ya ce Malama Kaltume ce. Da ta hango ni ta saki usur ta taho. Na miƙa mata littafin nan mai baƙin bango, na ce nata ne, ta fi ni haƙƙi a kansa. Ta rusuna ta karɓa da hannu biyu, ɗalibanta suna kallo. Ta buɗe shafinta ta ga abin da na ja wa layi biyu.

Na ce, "Ki yafe mini wannan. Kuskure ne."

Ta yi murmushi ta ce, "Ai ba duka ne kuskure ba, Malam. Ina jin tsoro a lokacin. Kai nake tsoro."

Tana nan a Gwiwa har yanzu, da mijinta da 'ya'ya biyu. Sau uku 'yan gudunta suna zuwa Dutse. Kullum daga ƙarama zuwa babba take jera su, kuma da dama suke karɓa, da dama suke bayarwa, ko da yake littattafai sun ce hakan yana cin rabin taku. Malaman wasu makarantu sun ɗauka wata sabuwar dabara ce da ta koyo a kwaleji, har wasu sun fara kwaikwaya. Littafin nawa kuwa, na ji labarin ba ta jefar da shi ba. Shafukan da suka rage babu rubutu, a ciki take rubuta ranar haihuwar kowace yarinya da ta shigo ƙungiyarta.